Jirgin da Muka Shanya

Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, shekarar da na cika goma, Baba ya riƙe hannuna muka gangara bakin kogin Saône, a bayan garin Lyon, mu ga abin da ambaliya ta bar mana a ɗan lambunmu. Ba ta bar komai ba sai laka mai wari da wani ƙaramin jirgin katako, irin wanda iska ke turawa, a kife kan kunyoyin albasar Inna. Na wata tsohuwar Bafaransa ne mai lambu kusa da namu. Mijinta ya rasu, ita kuma ta gaji, ta ce in muna so mu ɗauka. Baba, mutumin Tawa da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, ya ce yana so.

A lokacin an rufe masana'antar da yake aiki. Watanni yana zaune a gida, in mun dawo daga lakwal, wato makaranta, sai ya kau da kai, kamar mun kama shi da laifi. Jirgin nan ne ya fitar da shi daga ɗaki. A gaban Inna ya yi alkawarin zai zagaya da mu a kan kogi kafin hutun bazara ya ƙare. Ta ce, "Malam, kai da ko rijiya ba ka leƙawa, mi ya gama ka da jirgi?" Duk da haka ita ta wanke babban ƙyallen da ke kama iska, ta ɗinke yagarsa da kekenta tana mita.

Na sha wahala a bazarar nan, ba na ɓoyewa. 'Yan uwana yara suna tsallen igiya a gindin bene, ni ina durƙushe ina kwasar laka da tsohon cokali, ina kankare fenti har tafin hannuna ya yi bororo. Baba kuwa abu ɗaya ya sa a gaba. "Ruwa ya ɓata shi, ɗiyata, sai mun hidda ruwan ga duka." Muka ɗora jirgin kan duwatsu a tsakiyar rana, yau mu juya wannan gefe, gobe wancan. In an yi hadari mu rufe shi da leda, mu hura gawayi a ƙarƙashinsa kamar masu gasa kilishi. Ya bushe ƙayau, ya yi sauƙin ɗauka, Baba ya shafa masa shuɗin fenti yana murmushin da na daɗe ban gani ba.

Ranar da muka tura shi cikin kogi, Inna na tsaye da ƙyalle a naɗe, ruwa ya shiga tsattsafowa ta kowace mahaɗar katako. Kafin mu ankara ya kai rabi. Baba ya faɗa kogin da tufafinsa, ya jawo jirgin da sauri, ya zauna a kan ciyawa yana haki. Bai sake taka lambun ba. Daga baya ya samu aikin dako a kasuwar Rungis, muka bar Lyon muka koma unguwar La Courneuve, zancen jirgi ya mutu a gidanmu.

Bana, bayan shekaru masu yawa, a bakin hanyar ruwa ta Bobigny, na ga wasu sun cika jirgin katako da ruwa da gangan. Na tambaya, suka ce katako in ya bushe tsukewa yake yi, mahaɗai su buɗe. A bar shi kwana kaɗan a cikin ruwa, zai kumbura ya toshe kansa. Daga nan na wuce gida kai tsaye.

Na sami Baba a kujerarsa, dako ya lanƙwasa masa baya, na faɗa masa. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Ashe dai mun gyara shi." A da yana da ƙarfi amma ya ɗauka ya kasa, yau ya san bai kasa ba, ga shi ko bene sai an riƙe shi yake sauka. Da ma ya ji labarin nan tun yana iya tafiya bakin kogi.