Jar Jakar da Sabika Ta Ɗinka

Yayata Sabika tela ce a garin Jahra na ƙasar Kuwait, kuma tun muna yara ba ta taɓa yin abu a kan lokaci ba. Amma komai nata daidai yake fitowa, abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Wata ɗaya muka haihu, ita ta sami Luluwa, ni Dalal. Zafin Kuwait ba ya barin a fitar da jariri rana, sai asibiti suka ba mu bitamin D na ɗigawa a baki. Ni ban taɓa yin fashi ba. Sabika kuwa a kan firji take yasar da kwalbarta, sai ranar da ta tuna.

Dalal na shekara shida ta fara kwankwaɗar ruwa tana ramewa. Ciwon sukari ne, irin na yara, mai allura har ƙarshen rai. Na tsare likita da tambaya ko bitamin ɗin da na yi ta ba ta ne bai yi aiki ba, ya ce ba sakacina ba ne, kowane jiki da yadda yake karɓar bitamin ɗin, abin gado ne, kuma ba shi kaɗai ba ne a maganar. Gado! Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ga Luluwa nan ɓul-ɓul. Wallahi na daɗe ban taka gidansu ba, don kar in ga yarinyar tana cin dabino.

Da azumi ya raba tsakiya, lokacin Girgi'an ya zo, wanda yara ke bi gida-gida da jaka ana zuba musu alewa. Na ce Dalal ba inda za ta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ban sauko ba.

Ana buɗa baki sai ga Sabika da jar jaka ta ɗinko, da ɗan aljihun na'urar gwajin jini a ciki. Ashe da ranar Allah, da azumi a bakinta, ta bi maƙwabta tana raba musu gyaɗa da kayan wasa, ta ce idan mai jar jaka ta zo wannan za a zuba mata.

Na ce, "Yaya, wa ya aike ki?"

Ta ce, "Ke dai miƙo mini takalmin Dalal."

Dalal ta dawo da jaka cike, ta wuce ni a bakin ƙofa, ta faɗa jikin Sabika tana cewa Inna duba, Inna duba. Ni da ke soka mata allura kullum, ni ce muguwa. Na tsaya riƙe da allurar ina jira su gama dariya.