Tabawa Mai Daddawa da Kasuwar Laraba

A shekarun fari ina yarinya a garinmu da ke arewa da Bici. Gero ya bushe a gona tun bai fitar da kai ba, tuwo ma sai an haɗa da dusa. Amma da an idar da magariba, kakata Iya Delu za ta tura guntun kara a murhu, ta ce mu jikoki mu matso, ɗumin ba ya kaiwa bakin ƙofa. Da mun ji haka mun san labari ya zo.

Wani maraice Baba ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta. Tela ne, yana da rumfa a kasuwar garin, wadda ke ci ranar Laraba. Ya shaida mata zai tafi Kano neman aiki, domin mai jin yunwa ba ya kawo ɗinki, kuma rabin 'yan kasuwar sun watse. Sai da ya koma ya zauna a bayan danga, sannan Iya ta fara labari, da murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce a zamanin da an yi yunwar da ta fi tamu. Mahauta suka daina yanka, masu awo suka kife kwanukansu, har sarkin kasuwa ya daina fitowa. Sai wata tsohuwa, Tabawa mai daddawa. Duk Laraba za ta share gindin kukar da ke tsakiyar kasuwa, ta jera daddawarta a faifai, ta zauna har rana ta faɗi. 'Ya'yanta suka yi ta roƙonta ta bari, don mutane sun fara yi da ita. A nan Iya kan gyara zama ta kwaikwayi muryar tsohuwar:

"Ranar da aka zo aka tarar ba kowa, ranar kasuwa ta mutu. Ni kuwa ba a hannuna za ta mutu ba."

Ana nan, sai ga fatake daga kudu da jakuna ɗauke da dawa. Sun ji an ce kasuwar ta tashi, don haka wucewa za su yi. Madugunsu ya hango tsohuwar daga hanya, ya ratso ya tambaye ta ko har yanzu kasuwa na ci. Ta ce masa, "Tana ci mana, ba ga ni ba?" Ya yi dariya ya sa aka sauke kaya. Kafin la'asar gari ya fito, mai akuya da mai zani, ana musaya da hatsi. Da Laraba ta zagayo fataken suka dawo.

Duk da haka Baba ya tafi, don ba yadda zai yi da bakunan da ke gidan. Amma bai kwashe zanar rumfarsa ba. Iya ce ta riƙa zama a ciki da garin kuka da busasshiyar kuɓewa, ga ciwon gwiwa. Sau da yawa takan dawo da kayanta yadda ta fita da su. Sannu a hankali wasu tsofaffin mata suka bi sahunta, har damina ta gyaru Baba ya dawo da keken ɗinkinsa.

Ban gane abin da Iya ke nufi ba sai da na girma na zama ungozoma a ƙaramin asibitin garin. Aka shiga wani lokaci da magani ya yanke, rufi na yoyo, abokan aikina suka nemi canjin wuri. Ni ma na yi tunanin bin su. Sai dai kullum da safe nakan buɗe ƙofa, in yi shara, in dafa ruwa, ko da ba wanda zai zo.

Wata safiya aka kawo wata mata a amalanke, naƙuda ta yi mata tsanani. Mijinta ya ce Bici suka nufa, don an ce musu an rufe nan, sai ya hango ƙofar a buɗe. Da na duba ta na san ba za ta kai Bici ba. Kafin azahar ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace.

Ban san ko an taɓa yin wata Tabawa ba. Na dai fahimci cewa kasuwa da asibiti da makarantar gari suna rayuwa ne muddin akwai mai fitowa ya zauna a ciki ranar da ba riba. Washegari ruwa ya sake zuba ta rufin. Na tara bokiti, na buɗe ƙofa.