Layi Biyu a Bayan Kunne

Shekara talatin da ɗaya Mai Aski ya yi a shagonsa na bakin kwalbati, mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi. Babu kan namijin da bai taɓa dafawa ba a unguwar. Ba shi da yawan magana sai tsaki, kuma ko a hanya ya ga askin da ba nasa ba sai ya kushe shi.

Samarin da ke zama a gindin taransifoma suna da alamarsu, layi biyu a bayan kunnen hagu. Shi yake fitar musu da reza, don babu mai saitin hannunsa. Biyu daga cikinsu suka tafi gidan yari, na uku aka kai shi makabarta da sara a wuya. Ko a jikinsa. Aski ne kawai, in ji shi.

Sai 'yarsa ta rasu a wani gari, aka kawo masa jikansa ɗan shekara sha biyar. Wata biyar yaron ya yi ba wanda ya tambayi sunansa. In za a buga ƙwallo ba a zaɓarsa. Daga makaranta sai bencin shago, ya zuba wa samarin ido har yamma.

"Kaka, ka yi mini layin nan mana," ya ce wata rana.

"Tashi ka ba ni wuri, mai kai kamar tulu."

"Ai kowa kai kake yi wa."

"Kowa ba nawa ba ne."

Bayan sati guda, da la'asar, yaron ya shigo da busasshen jini a wuyan riga. Wani ya yi masa da tsohuwar reza, layi biyu a karkace, har da yanka. Daga waje ana ƙwala masa kira, "Dogo! Fito mana, kai muke jira!" Murmushi yake yi. Tun rasuwar uwarsa ba a ga haƙoransa ba sai ranar.

Tsoro ya kama tsohon, irin wanda bai taɓa ji wa 'ya'yan mutane ba. Sannan ya karkaɗe kujera, ya ɓare sabuwar reza.

"Zauna," ya ce. "Ba za ka fita daga shagona da wannan ƙazamin aiki ba."

Ya goge jinin, ya daidaita layukan tsaf, kamar yadda ya yi wa na ukun nan da aka kai makabarta.