Mijin da Yake Riga Ta Zuwa Rumfar Zaɓe

A barandar wata makarantar firamare a Kumasi an baza rajistar masu zaɓe, domin jama'a su nuna sunayen matattu a goge kafin zaɓen 'yan majalisa. Serwaa, ma'aikaciyar da ke zaune a teburin, tun hantsi take lura da wata tsohuwa mai baƙin zanen makoki wanda wanki ya mayar toka-toka. Tsohuwar ba ta tambayar kowa. Kai tsaye take buɗe shafi guda, kamar mai shiga gidan da ta saba, ta ɗora yatsa a kan hoton wani mutum mai furfura a gashin baki. Leɓɓanta suna motsi. Tana yin shiru kamar mai sauraron amsa, sannan ta gyaɗa kai.

Serwaa tana zaton ko wan tsohuwar ne da ya tafi ci-rani bai dawo ba.

Ta ce mata, yadda ake kiran uwa a nan, "Maame, kin san shi ne?"

"Maigidana ne, Kwaku Ampofo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne shi."

Serwaa ta jawo takardar goge suna. Hannun tsohuwar, busasshe mai sanyi, ya sauka a kan nata.

"Bar shi, 'yata. Zaɓe biyu ke nan, in na isa rumfa sai a ce min ya riga ni zuwa, har ya dangwala ya tafi. Bana zan yi sammako in tsaya a bakin ƙofa. In shi ne, ina da magana da shi."