Farin Ƙyallen Tela

Shekara goma sha ɗaya na yi ina taka keken ɗinki a Maradi kafin in zo Riyad, kuma ban taɓa riƙe bindiga ba sai a nan. Aikin da na samu shara ne a wani wurin koyon harbi da ke bayan gari. Kullum da safe motar kamfani ta kwaso mu daga unguwar Nasim, inda muke kwana, in wuni ina tattara kwanson harsashi da tsintsiya, kunnuwana a toshe.

Wanda ya yi mini hanyar aikin wani dattijo ne Badamagare, abokin mahaifina. Baba nake ce masa, shi kuwa tela kawai yake kirana. Shi ke wanke ƙananan bindigogin da ake bai wa masu zuwa haya. Jami'in ɗakin makamai zai tabbatar babu harsashi, ya kwance su, ya jera a tire, sannan Baba ya karɓa. Da jama'a suka yi yawa, sai aka ƙara ni a teburinsa.

Abu uku ne a teburin: ruwan wanke baƙin hayaƙi, mai tsinkakke a 'yar kwalba, da giris mai kauri. Baba bai san rowa ba. Idan ya gama da bindiga sai ka gan ta tana naso kamar ƙosai ya fito daga kasko. "Tela, ƙarfe ma yana son a karrama shi," haka yake cewa, yana ƙara matsa kwalbar. A wajensa, kamar yadda yake a wajen yawancinmu, abin da ba ya ƙyalli ba a yi masa hidima ba.

Ni kuwa hannuna ya riga ya saba da wata tarbiyya. Maigidan da ya koya mini ɗinki ɗigo ɗaya yake yarda a sa wa keke a kowace gaɓa, a taka shi babu zare, sannan a yi ta bin farin ƙyalle da allura har ya fito babu tabo. Na taɓa tsallake wannan, na ɓata shaddar wani liman ana jibi salla, kuma har yau kunnena bai manta da murɗar da ya sha ba. Maigidan ne kuma ya nuna mini cewa mai idan ya yi yawa ƙura yake kira, su haɗu su zama laka. Saboda haka da aka ba ni bindiga, sai na ɗauke ta tamkar keke. In duba inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, wurin da ya yi haske don gogayya. A kan layin da murfin sama ke zamewa nakan shafa giris kamar ƙwayar gero, don na lura mai tsinkakke ba ya zama a zafin Riyad, gudu yake yi. Sauran gaɓoɓi ɗigo ɗaya. Cikin bututu in bi shi da ɗan mai, in sake binsa da busasshen ƙyalle. A ƙarshe in goge ko'ina da farin tsumma har ya fito fes.

Sai bindigogi suka fara cijewa a hannun masu haya. A yi harbi kaɗan, murfi ya tsaya a rabi. Da yake a haɗe ake mayar da su, ba wanda ya san ta wa ce ta wa. Mudir, wato shugaban wurin, ya shigo ya ɗaga guda cikin waɗanda nake gogewa, ya shafa yatsa, bai ga naso ba.

"Sadik, ina zait?" ya tambaye ni da Larabci, wato aboki, ina mai. "Wannan a bushe take. Igamarka saura wata biyu. Idan haka za ka yi aiki, shi ke nan, ba zan sabunta ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na tsorata. In babu igama, wato takardar izinin zama, babu zama, ga iyali a Maradi sun zuba mini ido. Na san inda matsalar take, amma da wane baki zan nuna mutumin da ya kawo ni? Kwana biyu ina juya abin a raina. A na uku, muna cin shinkafar rana, na ce, "Baba, ina neman izini. A raba tire, naka daban nawa daban, a ga wanda zai cije."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Yau tela zai koya mini bindiga. To, a gwada. Ni da kaina zan gaya wa mudir."

Ranar Juma'a aka yi gwajin, ranar da wurin ya fi cika. Tun hantsi iska ta taso da rairayi, sama ta yi ja. Jami'i ya ɗaure nawa da koren zare, na Baba da ja, shida shida. Na tsaya da tsintsiyata a bayan layi, ina shara a wurin da na riga na share. Kafin la'asar jan zare huɗu sun koma teburi. Aka buɗe guda, mai da rairayi da baƙin hayaƙi sun dame kamar kwaɓin gini. Koren zare kuwa ko ɗaya bai yi tari ba. Wata mata da ke harbi da ɗaya daga ciki ta ƙare kwalin harsashi bayan kwali, ta ce wa jami'i gobe ma ita take so a ajiye mata. Ban san lokacin da na fara murmushi ni kaɗai ba. Daɗin da na ji ranar, tun da na sauka a ƙasar ban ji irinsa ba.

Mudir ya jera bindigogin a gabansa, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wajen Baba da fuska a ɗaure. Na yi sauri na ce, "Mudir, Baba ne ya ce a gwada. Da bai yarda ba, da har yanzu ba a gano ba." Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce in kawo fasfo ranar Lahadi a fara takardun sabuntawa, kuma daga yau duka teburin a bi yadda nake yi.

A mota Baba ya juya fuskarsa wajen taga har Nasim, abin ya ɗan rage mini daɗi. Washegari na iske ya riga ni zama a teburi. Ya yayyanka tsohuwar farar jallabiyarsa ƙanana-ƙanana, ya tara a gefe. Ya ɗauki kwalbar mai, ya riƙe ta sama da bindiga, bai matsa ba.

"Tela," ya ce, bai ɗago kai ba, "ɗigo nawa ka ce?"