Sunan da Inna Ta Tafi da Shi

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a Riyad wurin ɗana, na tashi neman kabarin mahaifina. Ban taɓa ganinsa ba. Ina ciki Turawan Ingila suka kwashe shi soja, yaƙin Bama, bai dawo ba. Baƙo ne a garinmu, ba wanda ya san danginsa, kowa Dogo yake ce masa.

Ɗana ya ce Turawa sun ajiye sunayen sojojinsu da inda aka binne kowa, a waya ma ana gani. Na ce to duba min Dogo. Ya duba, ya ɗago kai. "Hajiya, Dogayen nan sun cika gari. Sunan yanka nake so."

Ni da furfura, da jikoki, sai ga ni ina raba ido. Ashe ban san sunan ubana ba.

Mutum ɗaya ta rage da ta sani: mahaifiyata, tana kwance a wani asibiti a unguwar Shumaisi, nan cikin Riyad, an kawo ta magani. Ita kuwa mutanen da ce. Sunan miji ba ya fita bakinta. Ni ma da nake 'yar fari, "ke" take ce min.

Na zauna bakin gadon, na ce, "Inna, yaya sunan Baba?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohuwa, ga robar ruwa a hannu, tana kunya kamar amarya.

"Ke, tsufa bai sa miki hankali ba?"

"Kabarinsa za a nemo mana, Inna. Ko a kunne ki raɗa min."

Na ga leɓenta na motsi a ƙarƙashin mayafin, na kai kunne. Ta ce, "Bari in ji sauƙi tukun."

Ba ta ji sauƙin ba. A Riyad muka binne ta.

Daga baya na je Makka na yi wa mahaifina umara. Wurin niyya na ce "ubana" kawai, na san Allah Ya san wanda nake nufi. Amma har yau ban san ƙasar da ta rufe shi ba.

Ban ga laifin Inna ba, haka aka rene ta, haka ta rene ni. Sai dai da na dawo gida, na tara jikokina, na faɗa musu sunan kakansu, mijina marigayi, da bakina. Harshena ya yi nauyi, suka yi ta dariya. Na ce ku yi dariyarku, amma ku maimaita in ji.