Sunan Baffa Jauro a Cikin Kundi

Jama'a, wallahi tallahi wannan a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Shekarun baya ina aikin kwamfuta da wata ƙungiya mai kula da ƙananan asibitoci a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, kuma tsarinmu shi ne kowane ma'aikaci yana da satifiket ɗinsa a cikin wani ɗan abu kamar filashi, in ya soka a kwamfuta sai sabar, wato uwar kwamfutocinmu, ta duba babban kundin da ke ofishinmu na Kazaure, in sunansa na nan kuma wa'adinsa bai ƙare ba ta buɗe masa shafin bayanan asibiti, in ba haka ba ko ɗan waye shi sai dai ya yi haƙuri. Mu biyu ne kawai ke iya sabunta wa mutum wa'adinsa, ni da maigidana Baffa Jauro, wani dattijon Bafillace mai tsokana da ya raɗa mini Sarkin Mantuwa.

Da Allah Ya karɓi abinsa, ƙa'ida ta ce a goge shi daga kundin a ranar. Hajiya shugabarmu ta ce, "Haba ɗana, mutum ko arba'in bai yi ba za ka share sunansa? Bari sai an yi sadaka." Ni ma dama hannuna ya yi nauyi, sai na kulle filashinsa a durowata, na jefa makullin a aljihu.

Ana gobe arba'in, da hantsi, ina bayan ɗan acaɓa wajen Roni sai ga kiran Anti Binta, ungozomarmu ta Gwiwa. Wata mai naƙuda tana zubar da jini, sunayen masu irin jininta suna cikin shafin, shafi kuwa ya ƙi buɗewa. Nan take na tuna wa'adin satifiket ɗin Anti Binta jiya ya ƙare, kuma ni ne na manta ban sabunta ba. Na ce wa ɗan acaɓa, "Malam, juya Kazaure, don girman Allah ka taka."

Ko duwatsun gari ba mu hango ba ta sake kira, tana dariya. "Allah Ya yi maka albarka ƙanena, ya buɗe, har mai ba da jinin yana hanya." Na ce amin, alhali na san ba ni na buɗe ba.

Ina isa ofis na duba rajistar shiga. Satifiket ɗin Baffa Jauro ne ya shiga, ya sabunta na Anti Binta, ya fita. Durowa a kulle, filashi na nan inda na ajiye shi, lambar sirrinsa kuma da ita aka binne shi. A gurbin bayani an rubuta abin da ya saba rubuta mini duk sanda ya gyara ɓarnata: "Sarkin Mantuwa, na rufa maka asiri."

Tsigar jikina ta tashi, amma wallahi dariya na yi har da hawaye. Matar ta rayu, ta haifi namiji tubarkalla, ranar suna na ci tuwo kamar ba gobe.

Bayan sadakar arba'in na goge sunansa, ina yi masa addu'a. Masana aikin nan za su ce maku a goge mamaci nan take, kuma gaskiyarsu ne. Ni dai shawarata, ku riƙa duba wa'adin mutanenku kan lokaci, don tun daga ranar ban sake mantawa da na kowa ba. Wanda zai rufa mini asiri, da hannuna na cire shi.